Jiki Ya Fi Kunne Ji: Motsa Jiki da Tara Ƙwanji a Tsakanin Masu Gasar Wasannin Kwamfuta

Tsakure

Wasan kwamfuta ya tashi daga abin ɗebe kewa ya koma sana'a mai albashi da kwantiragi da kyaututtukan miliyoyin daloli. Sai dai masu wannan sana'a da yawa kan ajiye ta tun ba su kai shekara talatin ba, wasu saboda ciwon hannu, wasu saboda cututtukan da yawan zama ke jawowa. Wannan maƙala ta dubi yadda motsa jiki ya shiga tsarin horon ƙwararrun 'yan wasa a Koriya ta Kudu da Sin da Turai da Amurka, ta kuma raba shi da tara ƙwanji, wanda ake yawan gwama su wuri ɗaya. An dogara da binciken da masana suka buga da kuma bayanan da 'yan wasan suka yi da bakinsu. Matsayin maƙalar shi ne motsa jiki wajibi ne ga mai wannan sana'a, ƙwanji kuwa zaɓi ne, kuma dukansu biyu ba sa goge ɓarnar awa goma sha biyu a kan kujera.

1.0 Gabatarwa

Ranar 3 ga Yunin 2020, Jian Zihao, wanda masu wasan League of Legends suka fi sani da laƙabin Uzi, ya sanar da cewa ya ajiye wasa. Shekarunsa 23. A lokacin ana lissafa shi cikin gwanayen da ƙasar Sin ba ta taɓa yin kamarsu ba. Da shi ƙungiyar Royal Never Give Up ta ɗauki kofin duniya na tsakiyar kaka a 2018, kuma yana cikin tawagar ƙasarsa da ta zo ta ɗaya a Wasannin Asiya na Jakarta a wannan shekarar. Ba gazawa a wasa ce ta kore shi ba. Ya ce likitoci sun same shi da ciwon suga nau'i na biyu, ya kuma danganta shi da ƙiba da rashin cin abinci a kan lokaci da yawan raba dare da matsin lamba, ga ciwon hannu da ya daɗe yana fama da shi. Tun kafin wannan rana ya taɓa faɗa cewa wani likita ya gaya masa hannunsa tamkar na ɗan shekara arba'in ko hamsin ne.

Sana'ar da ta yi wa wannan matashi haka ba ƙarama ba ce. Koriya ta Kudu ta kafa hukumar kula da ita, wato KeSPA, tun a shekarar 2000, lokacin da wasan StarCraft ya mamaye shagunan kwamfuta da tashoshin talabijin na ƙasar. A 2021 kuɗin kyautar gasar The International ta wasan Dota 2 ya haura dala miliyan 40. Wata gasar da aka yi a Riyad a 2024 ta raba fiye da dala miliyan 60. A Wasannin Asiya na Hangzhou da aka yi a 2023, lambobin yabon wasan kwamfuta sun shiga lissafin ƙasashe kamar na gudu da ninkaya.

Abubuwa biyu za a yi ta ambata, kuma ya kamata a raba su tun daga farko. Motsa jiki a nan shi ne duk wani aiki da ake yi a kai a kai don ƙarfafa zuciya da huhu da tsoka da gaɓoɓi, kamar gudu da tuƙa keke da ɗaga ƙarfe daidai gwargwado da miƙe jijiyoyi. Tara ƙwanji kuwa fanni ne mai zaman kansa, manufarsa girman tsoka da kyan sura, yana da nasa tsarin abinci da nasa lissafi. Tambayar maƙalar ita ce: wanne daga cikinsu mai gasar kwamfuta yake buƙata, kuma ina iyakar amfaninsa?

2.0 Abin da wasan ke ɗora wa jiki

Mai kallo daga nesa zai ce ɗan wasan a zaune yake, bai yi aikin komai ba. Gaskiya ne ƙafafunsa ba sa motsi, amma daga gwiwar hannu zuwa ƙasa aikin ba ya tsayawa. Ƙwararren ɗan StarCraft kan yi dannawa ɗari uku zuwa ɗari huɗu a minti ɗaya tsakanin madannai da linzamin kwamfuta. Farfesa Ingo Froböse na Jami'ar Wasanni ta Jamus da ke Kolon ya shaida wa manema labarai a 2016 cewa ya auna bugun zuciyar 'yan wasa a tsakiyar gasa ya same shi yana kaiwa 160 zuwa 180 a minti. An yi ta yawo da wannan adadi a matsayin hujjar cewa wasan kwamfuta ma motsa jiki ne, kuma a nan aka yi kuskure. Zuciyar da fargaba ta sa ta gudu ba ɗaya take da zuciyar da ke aika jini ga cinyoyin mai gudu ba. Ta farko ba ta ƙona wani kitsen kirki, ba ta kuma ƙara wa mutum juriya. Ga shi jikin yana fuskantar tashin hankalin gasa, amma ba ya samun ladan da ɗan ƙwallo ke samu.

Ciwon da ya fi addabar masu wannan sana'a ba na karaya ko targaɗe ba ne. Ciwo ne na ƙaramin motsi da ake maimaitawa sau dubbai a rana. A wuyan hannu akwai wata 'yar hanya matsattsiya da jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu suke bi tare da jijiyar saƙo guda ɗaya. Idan waɗancan suka kumbura sai su matse wannan, mutum ya fara jin babban yatsa da manuni da na tsakiya suna yi masa zugi ko su mutu. A gwiwar hannu kuma akwai wata jijiyar saƙon da ke bi ta bayan ƙashi, wadda dogon lanƙwasa hannu da jingina shi a gefen tebur ke takura wa, sai ƙaramin yatsa da na kusa da shi su daina ji. Wannan na biyu shi ya kwantar da Lee Sang-hyeok, wato Faker na ƙungiyar T1, a watan Yulin 2023. Ya yi kusan wata guda bai buga ba, kuma a wasanni takwas da ƙungiyarsa ta yi ba shi, ɗaya kawai ta ci. Da ya dawo, a watan Nuwamba na wannan shekarar suka ɗauki kofin duniya a birnin Seoul. Duk wanda yake shakkar cewa jiki ne jarin wannan sana'a, sai ya dubi abin da jijiya ɗaya ta yi wa ƙungiya guda.

Ba shi kaɗai ba ne. Hai Du Lam na Cloud9 ya sauka a Afrilun 2015 saboda wuyan hannu, ko da yake ya sake dawowa daga baya. Clinton Loomis na Evil Geniuses bai buga The International ta 2014 ba saboda ciwon gwiwar hannu. Thomas Paparatto, ɗan wasan Call of Duty, ya yi ritaya a Janairun 2021 yana da shekara 25 saboda babban yatsa.

Binciken da Joanne DiFrancisco-Donoghue da abokan aikinta na Cibiyar Fasaha ta New York suka buga a 2019 ya nuna cewa abin ya sauko har kan ɗalibai. Sun tambayi 'yan wasa 65 na jami'o'in Amurka da Kanada: kashi 56 cikin ɗari sun koka da gajiyar ido, 42 da ciwon wuya da baya, 36 da wuyan hannu, 32 da tafin hannu da yatsu. Kashi 40 ba sa yin wani motsa jiki ko kaɗan. Adadin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na ƙarshe, wato kashi 2 kacal ne suka je wurin likita. Ɗan ƙwallon da gwiwarsa ta kumbura ba ya jin kunyar faɗa, amma yaron da hannunsa ke ciwo saboda gem ya san amsar da za a ba shi a gida, don haka sai ya yi shiru ya ci gaba.

Bayan hannu akwai illar zaman kansa. Tun a 2003 Richard Beasley da abokansa a New Zealand suka kawo rahoton wani mutum da jini ya daskare masa a ƙafa ya tafi huhu bayan dogon zama a gaban kwamfuta, irin abin da aka saba ji game da matafiyan jirgin sama.

3.0 Me bincike ya tabbatar?

Tuomas Kari da Veli-Matti Karhulahti na ƙasar Finlan sun tambayi manyan 'yan wasa 115 a 2016, suka samu cewa a cikin horon kimanin awa biyar da suke yi kullum, kusan awa ɗaya na motsa jiki ne, kuma fiye da rabinsu sun yi imani yana ƙara musu ƙwazo a wasa. Michael Trotter da abokansa na Jami'ar Fasaha ta Queensland a Ostireliya sun tattara amsoshin fiye da mutum 1,400 daga ƙasashe 65 a 2020, suka ce 'yan wasan sun fi sauran jama'a kasancewa cikin nauyin da ya dace. Waɗannan sakamako sun taimaka wajen rage zargin da ake yi wa masu gem cewa dukansu masu teɓa ne. To amma duka biyun faɗar baki ce, kuma mutum ba ya cika faɗar gaskiyar nauyinsa ko yawan gudunsa. Da DiFrancisco-Donoghue ta sa wasu 'yan wasa kaɗan a na'urar da ke auna kitse da tsoka da ƙashi, ta kwatanta su da sa'o'insu, sai ta ga nauyi da tsayi sun yi daidai, amma 'yan wasan sun fi kitse, sun gaza a tsoka da ƙwarin ƙashi. Wato sikeli na iya wanke mutum alhali jikinsa ya riga ya fara lalacewa daga ciki.

A kan ko motsa jiki yana sa a ci wasa, gwajin da aka fi kafa hujja da shi na Jami'ar McGill ne a Kanada, wanda Bernat de las Heras da Marc Roig da sauransu suka buga a 2020. Matasa 20 ne suka yi minti 15 na motsa jiki mai tsanani kafin su buga wani ɓangare na League of Legends, a wata ranar kuma suka huta kawai kafin su buga. A ranar motsa jikin sun fi saiti, sun kuma fi kayar da abin da aka sa musu. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma mutum ashirin ne, ba ƙwararru ba ne, kuma ba gasa ta gaske suka buga ba. A ganina bai kamata mu sayar wa matasa motsa jiki da alƙawarin kofi ba. Hujjar lafiya ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ta isa ita kaɗai.

Akwai kuma batun shekaru. Joseph Thompson da Mark Blair da Andrew Henrey na Jami'ar Simon Fraser sun nazarci wasannin mutum 3,305 a StarCraft 2, suka buga a 2014 cewa saurin mayar da martani yana fara raguwa daga shekara 24. Ƙungiyoyi sun ji daɗin wannan adadi, domin ya ba su dalilin sallamar ɗan wasa da wuri ba tare da an tambaye su yadda suka yi da jikinsa ba. Alhali binciken da kansa ya nuna cewa manya suna cike giɓin da dabara. Kim Gwan-woo na Koriya ta Kudu yana da shekara 44 ya ci zinare a wasan Street Fighter V a Hangzhou. Faker, haifaffen 1996, ya ɗauki kofin duniya a 2013, ya sake ɗauka a 2023 da 2024.

4.0 Ƙwanji

Wanda ya fi kowa kawo surar ƙarfafa cikin wannan fage shi ne Jarosław Jarząbkowski ɗan ƙasar Foland, wanda laƙabinsa ma, pashaBiceps, daga damtsensa aka samo shi. Yana cikin ƙungiyar Virtus.pro da ta ci babbar gasar Counter-Strike a Katowice a 2014, kuma ya daɗe yana kira ga matasa su haɗa kwamfuta da ɗakin motsa jiki. Ya yi wa sana'ar alheri. Yaron da ba zai saurari likita ba yakan saurari gwaninsa.

Akwai ma wata dangantaka ta ɗabi'a tsakanin fannonin biyu. Mai gem ya saba da hawa mataki-mataki, ya saba da maimaita abu ɗaya har ya iya, ya saba da rubuta lamba ya ga ta ƙaru. Ɗaga ƙarfe ma haka yake tafiya: kilo kaza yau, kilo kaza bayan mako biyu. Shi ya sa wanda ya shiga da wannan hali yakan yi nisa da sauri.

A nan ne kuma haɗarin yake. Abin da hannun ɗan wasa ke buƙata juriya ce ta ƙananan tsokoki, wato iya ɗaukar ƙaramin nauyi sau da yawa ba tare da jijiya ta ƙosa ba, sai ƙarfin kafaɗa da gadon baya da zai riƙe zama a miƙe. Babban damtse bai ba da wannan ba. Tsoka takan girma cikin makonni, amma jijiyar da ke haɗa ta da ƙashi ba ta samun jini sosai, don haka a hankali take ƙarfi. Wanda ya yi awa goma yana danna linzami, sannan ya je ya riƙe ƙarfe mai nauyi, jijiyoyin nan guda ya ɗora wa kaya biyu. Tsamin jikin da ke biyo bayan ɗaga nauyi yakan kai kwana biyu ko uku, kuma hannu mai tsami ba ya saiti. Ga tsarin abincin masu ƙwanji, wanda a wani zango ake ci fiye da kima, a wani zangon a takura wa ciki don kitse ya zube. Ƙwaƙwalwar da za ta yanke shawara cikin ƙiftawar ido ba ta jure wa yunwa. Ga kuma garin ƙarin kuzari da ake sha kafin ɗaga ƙarfe, mai cike da sinadarin kafin, a kan gwangwanayen lemon kuzari da suka riga suka zama ruwan shan masu gem. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce miligiram 400 a rana shi ne iyakar da babba zai sha lafiya, kuma rabin abin da aka sha yakan kai wajen awa biyar bai bar jini ba. Wanda ya sha da magariba ya sayar da barcinsa, barci kuwa shi ne lokacin da tsoka ke gyaruwa, abin da aka koya da rana kuma yake zama a kai.

Fagen da ya riga ya ɗanɗani ƙwaya bai kamata a buɗe masa wata ƙofar ba. A 2015 Kory Friesen ya fito fili ya ce shi da abokan wasansa sun sha ƙwayar Adderall a wata gasa, abin da ya sa kamfanin ESL mai shirya gasa ya fara gwajin ƙwayoyi a wannan shekarar. Allurar ƙara tsoka tana nan tana jiran duk matashin da ya ƙosa ya ga ƙirjinsa ya buɗe, kuma illarta ga zuciya da hanta da haihuwa sananniya ce.

Ba ina cewa a bar ƙarfe ba ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nemi babba ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ya kuma ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Ɗaga ƙarfe yana ciki. Abin da nake ja a kai shi ne a mayar da girman damtse ma'aunin lafiyar ɗan wasa.

5.0 Darasin Astralis

Ƙungiyar Astralis ta Denmak ita ce abin misali a duk lokacin da aka zo wannan zance. Ta ɗauki masaniyar halayyar 'yan wasa, Mia Stellberg, a 2016, sannan tsarin horonta ya koma hannun Kasper Hvidt, tsohon mai tsaron gidan tawagar ƙwallon hannu ta ƙasar. Ya shigo da abin da ya sani daga can: lokacin barci, tsarin abinci, motsa jiki, da taƙaita awannin atisaye. Ƙungiyar ta ci manyan gasannin Counter-Strike huɗu, na Atlanta a 2017, na Landan a 2018, na Katowice da Balin a 2019. Wasu suka bi sahu. Complexity, wadda mai ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Dallas Cowboys ya sayi hannun jari a cikinta a 2017, ta koma kusa da sansanin horon 'yan ƙwallon a Frisco ta jihar Texas. T1 ta gina ɗakin motsa jiki a hedikwatarta ta Seoul.

Yawancin masu ba da wannan labari a nan suke tsayawa, alhali abin da ya biyo baya ya fi koyarwa. A watan Mayun 2020 kyaftin ɗin Astralis, Lukas Rossander, ya ɗauki hutun jinya saboda gajiya da matsin lamba, ba a jima ba Andreas Højsleth ya bi shi. Waɗannan su ne 'yan wasan da suka fi kowa samun kulawa a duniya, amma jadawalin gasa da yawan tafiye-tafiye sun ci ƙarfinsu. Binciken da Ulf Ekelund ya jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2016 bisa bayanan fiye da mutum miliyan ɗaya, ya nuna cewa mai zaman awa takwas a rana yana buƙatar minti 60 zuwa 75 na motsa jiki kullum kafin ya kauce wa ƙarin haɗarin mutuwa da zaman ke jawowa. Wannan lissafin awa takwas ne. A gidajen ƙungiyoyin Koriya da Sin an saba jin awa goma sha biyu ko fiye, sau da yawa har tsakar dare. Babu adadin gudu ko ƙarfe da zai mayar wa jijiya hutun da aka hana ta.

Saboda haka nauyin gyara ba a kan yaro ɗan shekara sha bakwai yake ba, wanda ya san cewa in ya tashi daga kujera akwai ɗari masu jiran ta. Yana kan masu ƙungiya da masu shirya gasa. Kwantiragi ya kamata ya faɗi iyakar awannin atisaye da ranar hutu, ya tanadi likitan gashin ƙashi da gwajin suga da hawan jini, kuma ɗan wasan da ya ce hannunsa na ciwo kada ya rasa gurbinsa saboda ya faɗa.

Mu ma abin ya iso ƙofarmu, ko da ba da wannan girma ba. A unguwanninmu akwai gidajen gem da samari ke wuni suna buga ƙwallo a PlayStation, akwai kuma masu kwana a kan waya suna PUBG Mobile da Call of Duty Mobile da Free Fire, kai a sunkuye, manyan yatsu biyu suna ta aiki. Wasan waya ya fi ɗora kaya a kan wuya da gindin babban yatsa. A lungu na gaba kuma za ka tarar da sa'o'insu, wani lokaci ma su ɗin ne, suna ɗaga rodi da aka cusa wa gwangwanayen siminti, ba mai koyarwa, ba mai duba abin da suke sha. Ina kira ga malaman sassan koyar da motsa jiki da lafiya da na gashin ƙashi su tura ɗalibansu waɗannan wurare da takardar tambayoyi da abin awon ƙarfin riƙo da na hawan jini. A tambayi yaran awa nawa suke zama, ƙarfe nawa suke kwanciya, wane yatsa ne yake mutuwa, a rubuta.